Bangon Mujalla Shi Ne Dillalin Fim

Daga Wakilinmu na Arewa, Azare

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun waɗanda suka ga zamanin kaset ɗin bidiyo sun san yadda ake jiran motar Kano ta iso Agege ko Sabo da sababbin finafinai. To, ba su kaɗai ke wannan jira ba. Nan ƙasar Katagum ma, ko da yake Azare tana bisa hanyar Kano zuwa Maiduguri, kafin kaset ya iso akwai abin da ke riga shi zuwa, watau mujallar fim. Kuma a cikin mujallar, bangon shi ke yin rabin aikin.

Daga Indiya aka ɗauko dabarar, inda mujalla irin su Stardust ta daɗe tana cin kasuwa da fuskokin 'yan wasa. A 1998 Sunusi Shehu Daneji ya fito da Tauraruwa a Kano, wadda a shafinta ne aka fara laƙaba wa sana'ar sunan Kannywood. Sa'an nan a watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a Kaduna, shekara tara bayan fitowar Turmin Danya.

Mai karatu ya dubi inda ake sayar da ita. Mai jarida ya shimfiɗa kayansa a bakin tasha, fasinja kuwa yana sauri kada mota ta cika. Ba shi da lokacin buɗe shafi. Saboda haka sai a cika bango da fuskar ɗan wasa ko 'yar wasa, ido cikin ido da mai wucewa, a rubuta suna da manyan baƙaƙe, a ƙara 'yar gajeruwar magana ta aure ko ta rigima, sunan sabon fim kuma a gefe. Wanda bai yi nisa a boko ba ya gane fuskar. Matar aure da ke cikin gida ba sai ta san lambar fitowa ba, aike kawai za ta yi, ta ce a sayo mata mai hoton wance. Kwafi ɗaya sai ya zaga unguwa, daga bisani bangon ya ƙare a manne a shagon aski ko teburin mai shayi, yana ci gaba da talla kyauta.

Amma fa ba nishaɗi kawai ba ne, magana ce ta dukiya. A wancan zamani mai shirya fim ba ya buga kaset da kansa. Kwalin da ake sa kaset a ciki shi yake bugawa, ya kai wa dilolin Kano na Bata da Ƙofar Wambai tare da uwar kaset, su kuma su yi ta kwafa. Iyakar kwalin da aka saya, iyakar abin da zai samu ke nan. Watau takarda mai hoto ita ce hajar. Mai shagon haya a Azare ko Jama'are ko Gamawa, wanda jarinsa bai kai ya sayi kowane fim ba, da me zai zaɓa? Da fuskar da ya ga mutane suna tsayawa kallo a bangon mujalla.

A ganina nan ne aka samu illa. Tun da fuska ke sayar da fim, sai labari ya koma baya. Bayan Sangaya ya yi tashe da Ali Nuhu da Fati Mohammed, masu kuɗi suka gane cewa samun sanannen ɗan wasa ya fi samun marubuci muhimmanci, marubucin da ba a cika ganin hotonsa ko a shafin ciki ba.

Nauyin kuma bai faɗa kan kowa daidai ba. Hoton mace ya fi ja, kuma shi ya fi jawo surutu. A Disamba 2000 Gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai, batun sutura da rawa na cikin manyan dalilai. Idan bango ya tayar da ƙura, edita ya sayar da mujallarsa, mai fim ya sayar da kwalinsa, yarinyar ce za ta koma gida ta fuskanci iyaye da masu neman aurenta.

Yau kaset ya tafi, faifan CD ya bi shi, matasan Azare a waya suke kallo. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 da kuma YouTube sun mayar da hankali ga finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So. Sai dai wanda ya lura da ɗan hoton da ake ɗorawa a gaban kowane bidiyo zai ga fuska babba, ga suna da manyan baƙaƙe, ga maganar da ke sa a tsaya. Bambancin shi ne a da akwai edita mai suna da ofis da za a iya kai wa kuka, yanzu kuwa sau da yawa ba a san wanda ya haɗa hoton ba.