Kafin a kira mai gyaran pampo a Birni

Ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne a Damagaram. Yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulki suka mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Garin bisa duwatsu yake zaune, ruwan pampo kuwa daga nesa ake turo shi.

Saboda haka magidancin da zai canza makewayi, ya yi lissafi tukuna. Masai irin na Turawa yakan ci lita 6 zuwa 9 a kowace kora. Na tsuguno kuwa ƙaramin bokiti ya ishe shi.

Gidajen Birni galibi ginin ƙasa ne. Tiyon da ke ɗiga cikin bango yakan jiƙa tubali a ɓoye, damina na sauka katanga ta zube, wani lokaci har cikin gidan maƙwabci.

A tsayar da jinga gaban shaida. Maigida ya sayo kaya da kansa. A nisanta rami daga gindin katanga da rijiya. Kada a biya cikon kuɗi sai an rufe pampuna duka, an ga ma'aunin ruwa ya daina juyawa. Araha ba ta ado.