Murfin Gilashi Ba Faranti Ba Ne

A wannan wata za mu ajiye alli da maganar 'yan makaranta, mu leƙa madafa, domin abin da ya faru a maƙwabtanmu ya hana mu yin shiru.

Wata ranar Laraba bayan sallar asuba muka ji ƙara daga gidan da ke bayan namu a nan New Bell, sai ka ce an harba bindiga. Muka fita a guje. Sai ga amaryar gidan tsaye jikinta na ɓari, ɓaraguzan gilashi sun watsu ko'ina, har cikin tukunyar kunu. Ƙanwar mijinta, yarinya 'yar shekara 7, jini na zuba a goshinta, saura ƙiris a ce ido ne. Aka garzaya da ita asibiti aka yi mata ɗinki. Allah dai ya taƙaita.

Uwargidanmu ta ce, "Amarya, garin yaya?" Ta ce, "Wallahi Inna, ban yi komai ba. Na sauke kunu ne na rufe murfin kamar kullum." Da aka duba, ashe kai ɗaya bai mutu ba. Ta rage wutar ƙasa-ƙasa, ta ɗauka ta kashe, ta kifa gilashin a kai.

Ba mu ga laifinta ba. A yau da wuya a yi wa amarya jere a unguwannin Hausawa na Duwala babu murhun gas mai kai huɗu da murfin gilashi, ko sabo daga kantunan Akwa, ko na gwanjo da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa. Takardar bayaninsa da Faransanci take, ko Ingilishi, wani lokacin ma Jamusanci, kuma tare da kwali ake zubar da ita. Iyayenmu sun san murhun duwatsu uku, sun san gawayi da risho, sun koya wa 'ya'yansu. Wannan sabon baƙo kuwa, babu wanda ya gaji saninsa.

To, me ke fasa gilashin? Duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ya san amsar. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa wa ƙwan fitila mai zafi, sai ka ji tas. Dalili shi ne zafi na sa abu ya buɗa, gilashi kuwa ba ya saurin rarraba zafi a jikinsa. Wuri ɗaya ya buɗa, na kusa da shi yana nan yadda yake, sai ya tsage. Gilashin murfin murhu na musamman ne: ana gasa shi har ya haura digiri 600, sannan a huce shi da iska cikin gaggawa, ya ninka gilashin taga ƙarfi kamar sau huɗu. Amma ranar da ya gaza, gaba ɗaya yake tarwatsewa ƙanana-ƙanana, kamar gilashin ƙofar mota. Harshen wutar gas kuwa zafinsa ya wuce digiri 1,000.

Saboda haka ga abubuwa biyar da muke roƙon kowane gida ya riƙe. Na ɗaya, a ɗaga murfin ya tsaya cak kafin a ƙyasta ashana. Na biyu, kada a ɗora babbar tukunyar biki ko suna a kawunan baya, domin gindinta na tura wuta zuwa ga gilashin da ke tsaye. A kai ta murhun tsakar gida. Na uku, in an gama girki a duba makunnai ɗaya bayan ɗaya, a rufe kwalbar gas, a jira sai ƙarfen ya huce yadda hannu zai iya taɓa shi, sannan a sauke murfin. Haka nan in an yi gashi a tandar ƙasa, don zafinta ta sama yake fita. Na huɗu, murfi ba faranti ba ne: kada a dire masa tukunya mai zafi, kada a sara nama a kansa, kada a watsa masa ruwan sanyi yana da ɗumi. Na biyar, in bakinsa ya ɓantare ko kaɗan ne, a kira mai gyara ya cire shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Murhu yana girki lafiya lau ba tare da murfi ba.

Wani zai ce, ai akwai murhun da ke yanke gas da kansa in an rufe. Gaskiya ne. A Turai, inda mutane ke tafiya hutu cikin motoci masu gado da madafa, wasu murafun motocin suna da wannan dabara, haka ma wasu na gida. Amma da yawa ba su da ita, na gwanjo kuma wa ya san ko tasa tana aiki? Kada mu jingina rayukan 'ya'yanmu da abin da ba mu gwada ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi fashewar gilashi. In wutar ta mutu a ƙarƙashin murfi alhali makunni na buɗe, gas zai ci gaba da fita babu mai gani. Gas ɗin da ke cikin kwalbarmu mai kilo 12.5 ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci. In an ji warinsa, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kwalba, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. In ana zargin tiyo na yoyo, a shafa masa ruwan sabulu, kumfa za ta nuna wurin. In wuta ta tashi, lambar 'yan kwana-kwana 118 ce. Mun san yadda gidajenmu suke a manne, wasu na katako, ga lunguna da mota ba ta shiga. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Kongo ta shekarar 2012 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Kiranmu na ƙarshe ga magidanta da masu kai jere ne. Wanda ya iya kashe dubban sefa ya sayo murhu, ya iya zama na minti goma ya nuna yadda ake aiki da shi. Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin gida: ku nemo takardar murhun gidanku, ku karanta wa iyayenku mata da Hausa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.