Saƙar Zuci Ba Tafakkuri Ba Ce

Ya 'yan'uwa, a lungunan birnin Kano, daga Yakasai zuwa Koki, ba a rasa magidancin da jarinsa ya karye a Kasuwar Kurmi, ko matar da aka saka, waɗanda ke kwana suna saƙa da warwara a kan tambaya guda: me ya sa ni? Amsar da muka saba ba su ita ce, "Ba ku da tawakkali." Muna ganin wannan kuskure ne da kan iya jawo asarar rai.

Wajibi ne mu bambance tafakkuri da saƙar zuci. Tafakkuri yana kai mutum ga shawara da aiki. Saƙar zuci kuwa nanata abu guda ce, kamar tuƙar raƙumi, ba tare da mafita ba. Tana hana barci, tana tono tsofaffin kurakurai, tana raba mutum da jama'a, har ciwon damuwa ya kama shi. Idan abin ya yi nisa, sai ya ɗebe tsammani, ya ga kamar ya zame wa iyalinsa kaya, daga nan tunanin kashe kai ya kutso.

Ilmin likitanci ya tabbatar da haka. A 1991, Susan Nolen-Hoeksema ta wallafa bincike kan ɗaliban da girgizar ƙasar Kalifoniya ta 1989 ta rutsa da su: waɗanda suka saba nanata baƙin cikinsu su ne damuwa ta fi daɗewa a kansu. Tun kafin nan, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ɗauki wannan a matsayin cuta mai magani cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, ya kuma gargaɗi mai fama da ita game da kaɗaici da zaman banza.

Saboda haka muna kira ga limamai da iyayen gida su bar zargi. Wanda muka daina gani a sahu ko a zaure, mu bi sawunsa. Mu tambaye shi ƙarara ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai. A raka shi Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. Addu'a ba ta hana neman magani, kamar yadda ba ta hana mai karaya zuwa wurin maɗori.

Allah Ya yaye wa masu damuwa, Ya sa mu zama sanadin sauƙinsu, amin.