FILIN TURANCI A GIDA: KALMAR NAN "SURE"

A watan nan za mu ɗauki wata 'yar gajeruwar kalma ta Turanci, mai baƙaƙe huɗu tak, wadda ta shiga bakin yara da manya har ta kusa zama Bahaushiya. Kalmar ita ce "sure". In ka tsaya a tashar mota ta Gummi ka tambayi yaron mota ko za a isa Gusau kafin la'asar, ba za ka rufe baki ba sai ya ce maka, "Shuwa!" Ɗan makaranta a Anka, in uwarsa ta ce, "Kai, ka yi aikin da malam ya ba ka?" amsarsa ke nan shi ma. Tun da ya ke kalmar ta zama ruwan dare, ya kamata mu san ma'anoninta da nauyin kowace ɗaya, gama akwai inda ta ke wasa, akwai kuma inda rai ya ke rataye a kanta.

Faɗarta da asalinta

Ana rubuta ta da "s", amma ana faɗa da "sh", kamar yadda a ke yi wa "sugar". Mu nan mu kan ce "shuwa", waɗansu mutanen Ingila kuwa su kan taƙaita su ce "sho". Duka biyu ana ganewa. Ba ta haɗa kome da Larabawan Shuwa na ƙasar Barno ba, kama ce kawai ta faɗa.

Ita ma baƙuwa ce a cikin Turanci. A shekarar 1066 Normandawa, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi, daga nan kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Ingilishi shekara da shekaru. "Sure" tana cikinsu. Faransawa kuma daga Latin suka gaje ta, daga kalmar "securus", watau wanda ba shi da damuwa, wanda hankalinsa ya ke kwance. Daga wannan tushe ne kuma "security" ta fito, kalmar tsaro ke nan, wadda mutanen Zamfara suka gaji da ji a rediyo. Ashe tun asali tabbaci da kwanciyar hankali 'yan ɗaki ɗaya ne.

Kada wannan aro ya ba mu mamaki. Mu ma "tabbata" da "haƙiƙa" da "shakka" duk daga Larabci muka samo su, ga shi yau ba mai ce musu baƙi.

Ma'anoninta huɗu

Ta fari ita ce tabbacin zuciya. "I am sure", na tabbata. "Are you sure?", ka tabbata? "I am not sure", ban tabbata ba. A lura, a nan kalmar sifa ce, ba ta tsayawa sai da "am" ko "is" ko "are". Yaron da ya rubuta "I sure" ya yi Turancin Buroka, mai duba takardar jarrabawar WAEC kuwa ba zai ƙyale shi ba.

Akwai wani tarko a nan wanda ya kan kama har 'yan aji shida na sakandare. Dubi waɗannan biyu:

"Audu is sure of passing."
"Audu is sure to pass."

A ta farko, Audu ne da kansa ya ke ji a ransa zai ci jarrabawa, wataƙila ma ruɗin kai ne. A ta biyu kuwa, mai maganar ne ya ke da tabbaci, watau malaminsa ko ubansa ke cewa lalle Audu zai ci. Bambancin duka a kan "of" da "to" ya ke. Mai hankali ya kan tambayi kansa kullum, shin wane ne ya tabbata, kuma me ya gani?

Ta biyu ita ce amsa ta yarda, wadda mutanen Amurka suka fi yi. Wani ya ce, "Ara mini alƙalaminka," ka ce, "Sure." Ma'anarta a nan ba ta wuce "to", ko "ba kome", ko "bismilla" ba. Wannan maganar tsara ce da tsara. Yaro ba ya amsa wa ubansa ko shugaban makaranta da ita, kamar yadda ba ya amsa kiran kakansa da "me ne?" Ga manya sai a ce "Yes, sir" ko "Certainly, madam".

Ta uku ita ce ta mai ba da labari, "sure enough". Hausa tana da daidai da ita, watau "ilai kuwa". Tsoho ya dubi gabas ya ce yau za a yi ruwa, ilai kuwa, kafin magariba sai ga hadari.

Ta huɗu, wadda ta fi su duka amfani, ita ce "make sure", watau ka tabbatar. Dubi yadda Hausa ta raba su da baƙi ɗaya: tabbata da tabbatar. "I am sure" mutum yana iya faɗarta yana kishingiɗe a kan tabarma. "Make sure" kuwa sai ya tashi ya je ya duba. In Inna ta ce wa Ladi, "Make sure the fire is out," ba ta tambayi ra'ayin Ladi a kan wutar ba, cewa ta yi ta je murhu ta gani da idonta.

Sai mu ƙara gargaɗi ɗaya a kan "surely". Da yawa suna tsammani daidai ta ke da "lalle". Sau da dama ba haka ba ne. In Bature ya ce, "Surely you have eaten?" nufinsa, "Ai dai ka ci abinci, ko?" Yana neman ka tabbatar masa ne, gama shi kansa yana da 'yar shakka. In tabbaci sosai ka ke nufi, ka ce "certainly".

'Yan'uwanta a kotu da ofis

Iyaye su kula da wannan. In an kawo maka takarda a ofishin 'yan sanda, ko kotu, ko banki, ka ga an rubuta "surety" a wurin da za ka sa hannu, to, ka sani kana tsaya wa mutum ne. In ya gudu, ko ya kāsa biyan bashi, kai za a kama da biya. Kada kunyar maƙwabci ta sa ka dangwala yatsa kafin a karanta maka takardar duka da Hausa. Alkawari kaya ne. Haka kuma "insurance", wadda muka mayar inshora, daga wannan gida ta fito.

Samari kuma su yi hankali da masu tallar cacar ƙwallo a waya, masu cewa wasa kaza "sure" ne. Da abin tabbas ne, da mai tallar ya zuba kuɗinsa ya yi shiru, bai neme ka ba.

Abin da ya faru a ƙasarmu

Domin mu ga nisan da ke tsakanin "I am sure" da "make sure", ba sai mun je Ingila ba. Mu tuna da shekarar 2010. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukanmu suka duƙufa haƙo dutse, suna kawowa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sai ƙananan yara suka fara ciwo a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare na ƙasar Anka. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sa'an nan mutuwa. Duk wanda ya ga alamun nan zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, gama su muka saba gani. Aka ba da maganin abin da aka saba, yara ba su daina mutuwa ba.

A watan Maris na shekarar, labari ya kai ga likitocin ƙungiyar MSF. Da suka ga magani ba ya ci, ba su tsaya a kan zatonsu ba. Suka ɗebi jinin yara suka aika Turai a auna. Amsa ta dawo: gubar dalma ce. Dutsen da a ke niƙawa domin zinariya cike ya ke da dalma, yara suna shaƙar ƙurar, suna kuma kai ta baki da hannu.

A watan Mayu masana daga hukumar CDC ta Amurka suka zo suka bi gida gida a ƙauyuka biyu. Suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu kuwa, 97 bisa 100 suna da dalma da ta kai awo 45 ko fiye, wanda shi ne matakin da likita ke fara ba da maganin fitar da guba. Da yawa ma na'urar da aka zo da ita ta kāsa faɗin adadin nasu, domin ƙirgarta ba ta wuce 65. An ƙiyasta yaran da suka rasu a wannan annoba sun kai 400.

Sai da aka san ainihin ciwon aka san abin yi. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa, aka shiga ba yara magani. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka tsabtace ta, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. MSF ta ci gaba da jiyyar yara har 2022, sa'ad da ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

Ba mu kawo wannan domin mu ga laifin iyayen yaran nan ba. Ƙurar dalma ba ta da wari, ido kuma ba ya rarrabe ta da ƙurar hanya. Yaro yana iya ɗauke da ita a jini yana wasa kamar lafiyayye, alhali tana taɓa ƙwaƙwalwarsa a hankali. Saboda haka uban da ke aikin zinariya ba shi da ikon cewa "I am sure" a kan lafiyar ɗansa sai an auna jinin yaron. Abin da ke hannunsa shi ne "make sure": kada a kawo dutse cikin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, ya wanke jiki ya sāke tufafi kafin ya ɗauki yaro, a wanke wa yara hannu kafin su ci abinci.

Mutanen Gummi ma suna da nasu abin tunawa. A watan Satumba na 2024 kwalekwale ya kife da manoma masu haye gulbi zuwa gonakinsu, mutane masu yawa suka rasu. Duk mai hawa jirgi da damina, ya dubi yawan mutane, ya dubi bakin jirgin da ruwa, tun ƙafarsa tana kan tudu. Jiran sawu na biyu ba abin kunya ba ne.

Matakala uku

Mu koya wa yaranmu cewa magana tana da matakala. Ta ƙasa ita ce "perhaps", wataƙila. Ta tsakiya "I think", ina tsammani. Ta sama "I am sure", na tabbata. Kowa ya tsaya a kan matakalar da saninsa ya kai. Wanda ya ji a kasuwa kada ya yi magana kamar wanda ya gani, gama gani ya kori ji. A aji mun fi jin daɗin yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, I am not sure," da wanda zai buga ƙirji a kan amsar da ya cinta. Na farko yana shirye ya koya. Iyaye kuma, in yaro ya ce bai tabbata ba, kada a yi masa tsawa. A ce masa, "Madalla, je ka ka tabbatar."

Aikin gida

Bayan an ci tuwon dare, a tara yara su juya waɗannan zuwa Turanci:

1. Baba, na tabbata na ɗaure akuya.
2. Talatu, ki tabbatar kin rufe randa.
3. Lalle Kawu zai zo ran kasuwa.
4. Inna ta ce za a yi baƙi, ilai kuwa suka zo.
5. Malam, ban tabbata ba, amma zan tambaya.

Wanda ya ci biyar duka, a ƙara masa nama gobe. Za mu kawo amsoshin a fitowa ta gaba, inda kuma za mu duba "must" da "should", watau dole da ya kamata. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.