Ba Sabis Ba Ne, Wurin Tsayuwa Ne

Akwai wata ƙarya da ta samu gindin zama a tsakanin matasan da ke koyon rubuta manhaja daga Bebeji har Doguwa: duk sa'ad da baƙin allon kwamfuta ya cika da jan rubutu, sai a ɗora wa sabis. Sabis ɗin kudancin Kano yana da nasa zunubai, musamman idan an ratsa dajin Falgore an nufi Riruwai. Amma sau tari ba ruwan turakun sadarwa. Ɗalibi ne ya ba da umarni yana tsaye a inda bai kamata ba, domin wanda ya koya masa bai taɓa faɗa masa cewa wurin tsayuwa rabin umarni ne ba.

Manhajar npm, wadda ke ɗebo wa masu rubuta JavaScript ƙunshin lambobin da wasu suka riga suka tsara, ba ta san sunan aikin kowa ba. Fayil ɗaya take nema, package.json, mai ɗauke da jerin abin da aikin ke buƙata. Idan aka buga npm install a foldar da babu shi, sai ta haura foldar da ke sama, ta sake haurawa, har ta ci karo da shi ko da foldar node_modules. In ba ta samu ba, ta koka cewa babu fayil. Wanda ya ga wannan kuka ya yi sa'a.

Marar sa'a shi ne wanda ya haɗa da sunan ƙunshi, kamar npm install express. Babu kuka, babu gargaɗi. Manhajar za ta kafa sansani a inda yake tsaye, galibi babbar foldar mai kwamfutar. Shi ma Node haurawa yake yi idan yana neman ƙunshi, don haka aikin zai tashi lafiya lau, alhali jerinsa bai ambaci abin da ya dogara a kai ba. Sai ranar da aka tura wa mai aiki a Kano ko Legas asiri ke tonuwa: aiki ya ƙi tashi, matashi yana rantsuwa cewa a wajensa ƙalau yake. Gaskiya ya faɗa, amma ciniki ya riga ya ɓaci. Manomin rani da ke ban ruwa da ruwan Tiga ya san irin wannan asara: an buɗe ruwa, ruwa ya tafi, fadamar maƙwabci ce ta sha.

Maganin da malaman bidiyo ke rabawa kuwa na masu hali ne: a goge node_modules, a sake saukewa. Mai wannan shawara yana zaune ne inda intanet ba ya ƙarewa. Ɗan Kiru ko Tudun Wada da wayarsa yake jona kwamfuta, da datar da ya saya da kuɗin aljihu, bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Kuma ko ya sauke sau goma, in bai gusa daga inda yake ba, sau goma zai zuba a gonar da ba tasa ba.

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, ƙofar wannan sana'a ta ƙara buɗewa ga 'yan karkara. Masu koyarwa za su ce sabon shiga yana buƙatar ganin sakamako da wuri, kada ya karaya. To, amma pwd, mai faɗa wa mutum inda yake, da ls, mai nuna abin da ke wurin, da cd, mai kai shi inda ya dace, ba sa cin rabin awa. Wanda dole ta sa ya yi umarni daga waje ma an tanadar masa hanya: --prefix a npm, --cwd a Yarn, --working-dir a Composer.

A ɓangaren Python, masu Debian 12 da ta fito a 2023 sun sa pip ya ƙi zuba ƙunshi cikin tsarin kwamfutar kai tsaye, sai an keɓe wa aiki muhallinsa. An bar ƙofar baya guda, aka raɗa mata suna mai ban tsoro da gangan, --break-system-packages, wato a karya ƙunshin tsarin. Ita ce masu kwafa da liƙawa ke tura wa juna a WhatsApp a matsayin magani.