Wata biyu ba ya nunar da injiniya

Kowace shekara, da an kusa rufe makarantu, ofisoshin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan cika da takardun neman istaj, wato zaman koyon aiki a ma'aikata. Cikin masu kai takardun har da ɗaliban fannin lantarki da na'urori na makarantar EMIG ta Yamai da na IUT ta jami'ar Maraɗi. Wanda ya dace, ko wanda yake da kawu a wurin, yakan samu wata biyu ko uku. Sati na farko ya tafi a gaishe-gaishe, na ƙarshe ya tafi a rubuta rahoto da neman hatimin darakta. Abin da ya rage a tsakani, sau da yawa kujera ce a lungun biro, da gargaɗin kada ya taɓa komi don kada ya ɓata. A takarda dai an yi istaj.

Ya kamata wannan al'ada ta kau. Ɗalibin da za a kira injiniyan na'urorin lantarki yana bukatar shekara guda cur a wurin aiki kafin shekararsa ta ƙarshe, a cikin tsarin karatu, da mai kula da shi, da kuɗin da zai ci abinci. Babban dalilin kuwa yana cikin yanayin ƙasar nan, domin a Nijar kowane lokaci na shekara da irin cutar da yake sa wa na'ura.

A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan kai digiri 45 a inuwa. Farantin hasken rana, wanda ƴan kasuwa ke kira pano, ana auna ƙarfinsa ne a masana'anta a kan digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0,4 cikin 100. A kan rufin kwano da tsakar rana jikinsa yakan kai digiri 65. Ke nan kusan kashi 16 cikin 100 na abin da aka rubuta a bayansa ya tafi, tun ba a yi maganar ƙura ba. Batir mai ruwa shi ma a digiri 25 aka ƙiyasta kwanansa. Ƙarin digiri goma yakan raba kwanan nan biyu. Haka ƴan ƙananan tulunan ajiyar wuta da ke cikin ondiler da talabijin, waɗanda masu gyara ke kira kwandansater: zafi ne yake busar da su a hankali har su kumbura. Duk wannan yana cikin littafi, gaskiya ne. Amma wanda bai buɗe akwatin na'ura a watan Mayu ya ji ƙaurin abin da ya ƙone ba, lissafin bai zauna masa a kai ba tukuna.

Damana ta zo da tata. Tsawa tana bin dogayen ƙarafan tarho da wayoyin wuta, abin da ke kare na'ura kuwa shi ne ƙarfen da aka binne don ya sauke wutar cikin ƙasa. To, ƙasa mai rairayi idan ta jiƙe tana karɓar wuta, idan ta bushe sai ta ƙi. Awon da aka yi cikin Agusta ya yi kyau, a sake shi cikin Maris a tarar da wani abu daban. Ɗalibin da ya yi istaj ɗinsa a hutun damana kaɗai zai fita da yaƙinin cewa aikin ya yi, alhali rabin labarin ya gani. Sannan ɗari ya shigo da hazo da ƙura, su lulluɓe pano, su toshe fankar da ke sanyaya na'ura, su kwanta a kan kati su jira raɓar farko. Gani ya kori ji, kuma ganin nan wata goma sha biyu yake ɗauka.

Wa ke biyan kuɗin wannan rashi? Alhajin da ya shigo da kwantena ta pano da batura, ya sayar, bayan shekara guda mai saye ya dawo yana ce masa mayaudari, alhali laifin na wanda ya haɗa ne. Ma'aikacin da ya tara albashin wata da watanni ya sa wutar rana a gidansa, ta mutu a bazara ta biyu. Da baitulmali, wanda yakan sayi na'ura mai tsada don asibiti ko tashar ruwa, ta tsaya saboda abin da bai kai jikka biyar ba, a zauna jiran gwani daga waje da kuɗin jirginsa da na masaukinsa.

Shekarar 2023 ta isa darasi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa, ba a maido ta ba sai bayan ɗage takunkumi a 2024. A watannin nan kowa ya ruga neman pano da janareta, aka kuma gane ƙarancin hannun da ya iya haɗa su daidai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin takaici, ƙasar da ta haifi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda ya jagoranci ofishin ONERSOL yana ƙera tukwanen girki da na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana tun shekarun 1960, ita ce ke neman masu ɗaura waya da fitila a hannu.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Amurka, jami'ar Sinsinati ta fara haɗa karatu da aikin masana'anta tun 1906. A Ingila ɗalibin injiniya yakan fita shekara guda ya yi aiki da albashi a kamfani, ya komo ya ƙare karatu. Najeriya tana da shirin SIWES tun 1973. Faransa, wadda aka kwafo tsarin jami'a daga gare ta, dokarta ta wajabta biyan duk ɗalibin da istaj ɗinsa ya wuce wata biyu. An kwafo jarrabawar, an bar wannan a can.

Masu ja za su ce kamfanonin ba su da yawa. Ba su kai na Turai ba, amma akwai su: NIGELEC da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018 da ta Goru Banda mai megawat 30 tun 2023, SONICHAR a Anu Araren, matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, kamfanonin tarho da dubban ƙarafansu, da manyan asibitoci. Ɗaliban wannan fanni ba su kai yawan da waɗannan wurare za su kasa ɗauka ba. Za a kuma ce shekara guda tana tsawaita karatu. Jami'ar da ta saba da shekara tana hawa kan shekara saboda yajin aiki da jinkirin bursu ba ta da bakin wannan magana.

Tsoron da ke da tushe shi ne kada kamfani ya mai da ɗalibi lebura na kyauta, ya kori ma'aikaci ya sa shi a gurbinsa. Maganin yarjejeniya ce rubutacciya tsakanin makaranta da kamfani da ɗalibi: aikin da zai koya, sunan injiniyan da zai bi, ziyarar malami kowane wata uku, da biyan da bai gaza mafi ƙarancin albashi na doka ba. Kuɗin ma ba sai an ƙirƙiro sabon lanho ba. Kamfanoni suna biyan harajin koyon sana'a, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa don horo. Kamfanin da ya ɗauki ɗalibi shekara guda, a rage masa abin da ya biya shi daga wannan haraji. Duk kwangilar gwamnati ta wuta ko ta sadarwa kuma, a rubuta a cikinta yawan ɗaliban da mai kwangila zai riƙe daga ranar haƙa tushe har shekara guda bayan miƙa makulli. Layi biyu ne a takardar kwangila, kuma ma'aikatan da ke tsara ta a ministoci suna da ikon saka su tun daga kwangila mai zuwa.