Kyamara huɗu, hoto ɗaya: yadda ake sayar wa Gaya da Ajingi lambobi

Mutumin Gaya ko Ajingi da ya tara kuɗin amfanin gona, ya bi ta Wudil ya shigo Kano sayen waya a kasuwar Farm Centre, abin da za a fara yi masa shi ne ƙidaya. Kyamara huɗu, megafiksel 108, ƙwaƙwalwar aiki 8 da ƙarin 8, ga kuma 5G. Da wuya a faɗa masa shekara nawa wayar za ta yi tana aiki. Wannan ciniki ne na lambobi, kuma mai saye ne ke asara a cikinsa.

A duba kyamara tukuna. A yawancin wayoyi masu araha, ido ɗaya ne ke ɗaukar hoton. Sauran sukan zama masu megafiksel 2 ko ƙasa da haka, an jera su domin bayan wayar ya cika ido. Ita ma babbar lambar da sauran magana: kyamarar 108 takan haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, hoton ya fito a 12. Kamfanin Apple ya tsaya a kan megafiksel 12 tun daga 2015 har 2022, kuma ba a taɓa jin masu iPhone na kukan hoto ba. Girman na'urar da ke karɓar haske da ingancin manhajar da ke sarrafa shi su ne ke ba da kyan hoto. Daga ƙarshe ma WhatsApp zai matse shi kafin ya isa hannun wanda aka aika wa.

Haka zancen 8 da ƙarin 8 yake. Takwas ɗin farko ce ta gaske. Ta biyun aro ce daga ma'ajiyar wayar, wadda saurinta bai kama ƙafar ta ainihi ba. Shi kuwa 5G, MTN ya fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, kuma manyan birane aka fi mayar wa hankali. Mazaunin ƙauyen da sai ya nemi tudu kafin kira ya shiga, ƙarfin kama sabis ya fi masa amfani.

Abin da ya dace a auna a gabashin Kano a fili yake. Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, shagunan caji ne gatan jama'a, zafin Afrilu yakan kai maki 40, zafi kuwa yana rage kwanan batir. Mai POS a bakin kasuwa, da malamar asibitin karkara, da malamin firamare mai duba albashi ta waya, duk buƙatarsu guda ce: batir mai juriya, gilashin da ake gani a tsakar rana, da kayan gyara da za a samu ba tare da an yi sati ana jira ba. Sai kuma sabunta manhaja, wanda ba a cika ambato ba. Wayar da kamfani ya daina sabuntawa takan zama ƙofa a buɗe ga ɓarayin asusu, kuma wata rana manhajar banki za ta ƙi hawa kanta.

A wasu wurare wannan ya zama doka. Daga Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta sabunta manhaja na aƙalla shekara 5, da batirin da zai jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Samsung ya yi wa Galaxy A16, wadda ba ta cikin masu tsada, alƙawarin shekara 6. Ke nan juriya ba gatan attajirai kaɗai ba ce.

Masu kare yawa za su ce talaka ma yana son ganin kuɗinsa ya sayo abubuwa da dama, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tarihin kasuwar bai goyi bayansu ba. Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye Afirka ne da abubuwa kaɗan da ya yi da kyau: gurbin layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da aka daidaita da baƙar fata, da cibiyoyin gyara na Carlcare. Biyan buƙata ya ba shi kasuwa. Tseren lambobi daga baya ya zo, kuma kusan kowane kamfani ya faɗa ciki.

Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, farashin waya ya bi ta. Wayar da ta mutu cikin shekara ɗaya da rabi asarar buhunan hatsi ce, araha kuwa ba ta ado.

Nauyin ya fi hawa kan 'yan boko da ke birni, domin su ake bugo wa waya daga gida a ce su zaɓa. Tambaya uku ta ishe su a gaban mai shago: shekara nawa za a sabunta ta, nawa ne sabon gilashi da batir, kuma a ina ake gyara ta. Tarihin baka ya ce maƙera daga Gaya, Abagayawa, su ne suka fara zama a gindin Dala. Maƙeri ba ya ƙirga adon da ke jikin fartanya, ƙarfenta yake dubawa. Da haihuwar yuyuyu, gara ɗaya ƙwaƙƙwara.